Tarihin Faifan Ajiya: Abin da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Sayi HDD ko SSD

Darasin yau ba irin na "danna nan, shiga can" ba ne. Tarihi za mu taɓa, amma tarihin da zai yi maka rana lokacin da ka tsaya gaban kanta da kuɗinka a hannu. Waya ta cika da hotunan biki da karatuttuka da bidiyo, kana son faifan waje ka juye su. Ko kuma laftof ta fara jan ƙafa, mai gyara ya ce sai an canza mata faifai. Ka shiga Farm Centre a Kano ko wata kasuwar, an zube maka guda huɗu: wannan Seagate, wannan WD, wannan Toshiba, wancan ɗan ƙaramin kuma SSD. Yawancinmu tambaya biyu muke yi, TB nawa ne, kuma nawa ne kuɗinsa. Alhali abu uku ake nema a faifan ajiya: sauri, ƙarko da araha. Kusan shekara 70 ke nan ana ƙera shi, har yau ba a yi wanda ya haɗa ukun ba. Duk sanda aka ƙara ɗaya akwai wanda aka rage, kuma ba kullum ake rubuta wanda aka rage ɗin a jikin kwali ba.

A watan Satumba na 1956 kamfanin IBM na Amurka ya fito da kwamfutar da ya kira 305 RAMAC, tare da na'urar ajiyarta mai suna IBM 350. Ita ce kakar duk wani HDD da ka sani. A garin San Hose na jihar Kalifoniya aka haɗa ta, ƙarƙashin jagorancin Reynold Johnson, wanda asalinsa malamin sakandare ne. A cikinta akwai faifai 50 na ƙarfe jere a kan sanda ɗaya, kowanne faɗinsa inci 24. Nauyinta kusan tan ɗaya ne. Abin da take ɗauka kuwa haruffa miliyan 5 ne, wato kimanin 3.75MB. Hoto ɗaya mai kyau da ka ɗauka da wayarka zai iya cinye ta. Haya ake ba da kwamfutar, dala 3,200 duk wata, kuma manyan kamfanoni suna biya ba musu.

Me ya sa suke biya? Saboda kafin ita a kan zaren kaset ake ajiye bayanai. Wanda ya yi zamanin kaset ya san wahalar: in waƙar da kake so tana ƙarshe, sai ka wana zaren gaba ɗaya kafin ka iso ta. RAMAC kuwa tana iya tsallakawa kai tsaye zuwa inda bayanin yake, cikin ɗan abin da ya haura rabin sakan. To ka riƙe wannan, domin za mu dawo kansa: tun ranar farko, saurin faifai yana nufin saurin gano abu, ba saurin kwafarsa kaɗai ba.

Yadda yake aiki bai canza ba har yau. Ka tuno garmaho. Akwai faifai mai juyawa wanda aka shafe da sinadari mai maganaɗisu, akwai allura a bakin wani hannu da ke kai komo a kansa tana rubutu tana karantawa. Bambancin shi ne allurar HDD ba ta taɓa faifan. Tun daga samfurin IBM 1301 na 1961, iskar da juyawar faifan ke haifarwa ce take ɗaga ta tana shawagi. A 1973 IBM ya fito da 3340, wanda ake wa laƙabi da Winchester, inda aka rufe faifai da allura wuri ɗaya don kada ƙura ta shiga. A HDD na yanzu tazarar da ke tsakanin allura da faifai 'yan nanomita ne kawai, alhali kaurin silin gashin kanka dubban nanomita ne. Ka ga ke nan ƙwayar ƙura ɗaya ta hunturu dutse ce a gaban wannan allura. Shi ya sa ba a buɗe HDD a shagon gyara a ce za a duba cikinsa, shi ya sa kuma in ya faɗo daga tebur yana cikin aiki, sau da yawa sai dai haƙuri. Allurar ce ta karci faifan, kuma inda ta karta hotunanka ne a wurin.

Shekarar 1980 ta zo da abu biyu. IBM ya sanar da 3380, na farko da ya haura 1GB, yana ɗaukar 2.52GB, girmansa kamar firiji. A gefe guda wani sabon kamfani da Alan Shugart da abokansa suka kafa, wanda ya zama Seagate, ya fito da ST-506 mai inci 5.25, HDD na farko da zai shiga ƙaramar kwamfuta. Yana ɗaukar 5MB, kuɗinsa dala 1,500. Yi lissafin da kanka: kowane MB dala 300 ke nan. Da farashin ya tsaya a haka, faifan 1TB da kake tayawa yau da ya kama dala miliyan 300.

Daga nan sai ƙanƙancewa. Kamfanin Rodime na Sikotland ya kawo mai inci 3.5 a 1983, PrairieTek ya kawo mai inci 2.5 a 1988. Waɗannan biyun su ne har yanzu a kasuwa, kuma bambancinsu ya shafe mu a nan fiye da yadda ya shafi mai saye a Turai. Mai inci 3.5 yana buƙatar wutar bango ta kansa. In aka ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu, ko janareta ya yi tari, abin da yake rubutawa na iya lalacewa. Mai inci 2.5 kuwa daga kebul ɗin USB yake shan wuta, batirin laftof ɗinka ne ke kare shi. In ba ka da inbata ko UPS, wannan kaɗai ya isa ya sa ka karkata ga ƙaramin, ko da babban ya fi araha a kowane TB.

Yanzu mu zo kan sauri, inda aka fi ruɗa mutane. Faifan RAMAC yana juyawa sau 1,200 a minti. A shekarun 1980 an saba da 3,600. Seagate ya kai 7,200 da Barracuda a 1992, ya kai 10,000 da Cheetah a 1996, sannan 15,000 a shekarar 2000. Nan aka tsaya cak. Ƙarfe ne ke juyawa, in ka matsa masa sai zafi da ƙara da shan wuta. Don haka ka kwatanta: girman ajiya ya tashi daga 3.75MB zuwa 30TB, ninki kusan miliyan 8. Lokacin da allura ke ɗauka kafin ta isa wurin da ake nema kuwa daga milisakan 600 ya sauko zuwa wajen 10, ninkin da bai ma kai ɗari ba. Rumbun ya zama gari guda, ɗan dakon da ke shiga ya ɗauko kaya kuwa har yanzu shi kaɗai ne.

Faifan da za a nuna maka a kasuwa ko dai 5,400 ne ko 7,200. Mai 5,400 yana zagaye 90 a sakan, mai 7,200 yana 120. Jiran da allura ke yi kafin wurin da take so ya zagayo ƙarƙashinta, a tsaka-tsaki, milisakan 5.6 ne a na farko, 4.2 a na biyu. Akwai bambanci, amma ba wanda zai mayar da tsohuwar laftof sabuwa ba ne. Duk cikinsu ba wanda ke wuce ɗari da 'yan kai na ƙananan karatu a warwatse cikin sakan ɗaya. Shi ya sa za ka ga fim ɗaya mai 2GB ya kwafu cikin ƙasa da minti, amma hotunan WhatsApp dubu goma waɗanda jimillarsu 2GB ɗin ce su cinye maka lokaci mai tsawo. Ɗaukar buhu ɗaya daban, tsintar ƙwaya-ƙwaya daban. Windows kuwa lokacin tashi aikinta ke nan, tsintar dubban ƙananan fayiloli.

Kar kuma rubutun "6Gb/s" a jikin kwali ya ɗauke maka hankali. Wannan faɗin titi ne, ba gudun mota ba. Mahaɗar SATA da ta fito a 2003 tana ɗaukar 150MB a sakan, ta uku da ta zo a 2009 tana ɗaukar 600MB. HDD na laftof kuwa da ƙyar yake wuce ɗari da ɗoriya. Abin da zai iya shaƙe ka shi ne USB. In ramin da ka jona 2.0 ne, ba za ka wuce wajen 35 zuwa 40MB a sakan ba ko wane faifai ka sa. Nemi ramin 3.0, wanda galibi cikinsa shuɗi ne, kuma ka tabbata kebul ɗin ma na 3.0 ne.

Girman ajiya shi ne inda masana suka yi bajinta, kuma ba zan daɗe a kai ba. A 1988 Albert Fert a Faransa da Peter Grünberg a Jamus, kowa a ɗakin bincikensa, suka gano wata ɗabi'a ta maganaɗisu da ake kira GMR, wadda ta ba da damar ƙera allura mai jin alama komai ƙanƙantarta. IBM ya sa ta a Deskstar 16GP a 1997, su kuma suka karɓi kyautar Nobel a 2007. A wannan shekarar ce Hitachi ya fito da faifan 1TB na farko a kan dala 399. A 2013 aka fara cika manyan faifai da iskar hiliyom, yanzu kuma har hasken leza ake sa wa a bakin allura yana ɗumama wurin da za a yi rubutu.

Ƙarko ne ya fi muhimmanci, kuma a nan tarihi ya fi ba da mamaki. Ka sha jin mai kanti ko aboki yana cewa "kamfani kaza ba ya mutuwa" ko "kar ka kuskura ka sayi na kamfani kaza". A shekarar 2000, IBM da kansa, wanda ya ƙirƙiro HDD, ya fito da Deskstar 75GXP. Yana da sauri, masu sharhi suka yaba. Ba a jima ba ya fara mutuwa a hannun mutane da wata ƙara ƙas-ƙas-ƙas, har masu saye suka sauya masa suna zuwa Deathstar, wato tauraron mutuwa, aka kuma maka kamfanin a kotu. A 2003 sashen faifan IBM ya koma hannun Hitachi, aka samu HGST. To wannan gidan dai, mai wannan tabon, shi ne daga baya faifansa suka shiga sahun gaba wajen ƙarko a alƙaluman da aka riƙa wallafawa.

Da ma kafin 2007 galibi da alƙaluman masu ƙerawa ake dogara. Su kuma abin da suke rubutawa shi ne MTBF, misali awa miliyan ɗaya. In ka raba za ka samu shekara 114, sai ka ɗauka har jikokinka za su gada. Ba haka lissafin yake ba. Ma'anarsa in ka kunna faifai masu ɗimbin yawa lokaci ɗaya, duk bayan jimillar awa miliyan ɗaya ta aikinsu ana sa ran ɗaya ya mutu, kuma wannan a lokacin ƙuruciyarsu ne. A 2007 aka fitar da bincike biyu da suka buɗe wa mutane ido. Bianca Schroeder da Garth Gibson na jami'ar Carnegie Mellon sun bi bayanan faifai kusan 100,000, suka ga abin da takardun kamfanoni ke nunawa bai wuce kashi 0.88 cikin 100 a shekara ba, amma a zahiri ana canza kashi 2 zuwa 4. Injiniyoyin Google su ma suka duba nasu sama da 100,000: mutuwa ta tashi daga kashi 1.7 a shekarar farko zuwa kashi 8.6 a faifan da suka shekara uku. Sun kuma gano cewa faifan da ya nuna kuskuren karatu na farko ya ninka lafiyayye sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60. Sai dai kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su ba da wata sanarwa ba ko kaɗan. Lafiya ƙalau da daddare, da safe babu.

Sai ambaliyar Tailan ta 2011. A watan Oktoba ruwa ya mamaye yankunan masana'antu a arewacin Bankok, har da masana'antun WD da na masu ƙera kayan haɗin faifai. Ƙasar na cikin manyan masu ƙera HDD a duniya, don haka cikin 'yan makonni farashi ya kusa ninkawa, kuma sai da aka ɗauki kusan shekara biyu kafin ya daidaita. A ƙarshen wannan shekarar Seagate da WD suka rage tsawon garantin samfura da dama. Wani kamfanin ajiyar bayanai na intanet mai suna Backblaze ya rasa faifai har ta kai ma'aikatansa suna bin manyan kantuna suna sayen faifan waje suna fasa kwanson suna ciro na ciki. A wannan yanayin ya jibgi dubban Seagate 3TB mai lamba ST3000DM001. Zuwa 2015 kusan ɗaya cikin uku na waɗanda ya kunna a 2012 sun mutu, kuma a 2016 masu saye a Amurka suka shigar da ƙara a kan wannan samfurin. Amma a ɗakunan ajiyar Backblaze ɗin dai, wasu samfuran Seagate da suka biyo baya sun yi shekaru suna aiki lafiya lau.

Ka ga abin da nake nufi? Sunan kamfani ba ya gaya maka komai sosai. Lambar samfuri ce ke magana, wannan doguwar lambar da ke jikin takardar faifan. Backblaze yana wallafa adadin mutuwar faifansa samfuri bayan samfuri, kyauta. Kafin ka biya kuɗi ɗauki hoton lambar, ka sa ta a Google ka ga abin da aka ce a kanta. Minti biyar ne.

Wani abin kuma, kamfanonin ma ba su da yawan da kake gani. Sama da 200 ne suka taɓa ƙera HDD. Maxtor ya haɗiye sashen Quantum, Seagate ya haɗiye Maxtor a 2006, Toshiba ya karɓi na Fujitsu a 2009, Seagate ya sayi na Samsung a 2011, WD ya sayi HGST a 2012. Uku suka rage: Seagate, WD da Toshiba. Duk HDD na waje sabo da ka gani da sunan Transcend ko ADATA ko LaCie, kwanson ne nasu, na cikin na ɗaya daga cikin ukun nan ne. In za ka ƙara kuɗi a kansa, to ka san kwanso mai roba da ke rage bugu kake ƙara wa, ba wani faifai na daban ba.

A 2020 aka sake wani rikicin, wannan karon a kan araha. Akwai wata dabara da ake kira SMR: maimakon a jera layukan rubutu kowanne da filinsa, sai a ɗora gefen wannan a kan gefen wancan kamar kwanon rufi. Ana samun ƙarin wuri, farashi ya sauka. Matsalar ita ce in za a canza layi ɗaya sai an sake rubuta maƙwabtansa, kamar yadda ba ka cire kwano ɗaya a tsakiyar rufi ba tare da ka taɓa na kusa ba. Masu saye suka gano WD ya sa wannan dabarar a wasu faifansa na Red, daga 2TB zuwa 6TB, ba tare da ya faɗa ba. Da magana ta fito sai aka ga Seagate da Toshiba ma suna da samfura irin haka. WD ya ware masu tsohon tsari, wato CMR, ya sa musu suna Red Plus. Da yawa daga ƙananan faifan waje na yanzu SMR ne. In ajiya kawai za ka yi, ka zuba hotuna ka ajiye a durowa, ba laifi. In kuwa kana cikin masu sana'ar tura fina-finai da waƙoƙi, kullum gogewa da zuba sabo, za ka ga kwafi ya fara da gudu sannan ya dawo yana rarrafe. Ba lalacewa ya yi ba, halinsa ke nan.

SSD kuwa ta wata hanya daban ya ɓullo. Fujio Masuoka, injiniya a Toshiba ta Japan, shi ya ƙirƙiro memorin filash a shekarun 1980, kuma nau'in NAND da ke cikin wayarka ya gabatar da shi a 1987. Daga baya har ƙarar kamfanin ya kai kan hakkinsa, aka sasanta a 2006 a kan yen miliyan 87. A 1991 kamfanin da yanzu ake kira SanDisk ya sayar da SSD mai 20MB a kan dala 1,000. Tsadar filash ce ta sa a wancan zamanin har a na'urorin aljihu ake cusa HDD: iPod na farko a 2001 faifan Toshiba mai 5GB ne a cikinsa, Nokia N91 ma ta zo da faifai mai juyawa na 4GB. Ka yi tunanin wayar da ke da allura a ciki tana faɗuwa daga kan babur. Filash na yin araha aka watsar da wannan.

A SSD babu abin da ke motsi, babu allurar da za a jira. Mai mahaɗar SATA yana kai wajen 550MB a sakan, NVMe yana kai 3,500 har 7,000 gwargwadon kwamfutar. Amma ba waɗannan manyan lambobin ne ke sa tsohuwar laftof ta farfaɗo ba. Tsintar ƙananan fayiloli ce, inda HDD ke yin ɗari shi yana yin dubun dubata. Abin da RAMAC ya yi wa kaset, shi SSD ya yi wa HDD. Don haka a ganina, in kan faifan da Windows za ta zauna ake magana, SSD mai 256GB ya fi HDD mai 1TB, ba ma kusa ba.

Ana tsoratar da mutane cewa SSD yana ƙarewa da yawan rubutu. Gaskiya ne yana da iyaka, ana rubuta ta da TBW. Samsung 870 EVO mai 1TB, misali, 600TBW ne. In kana rubuta 20GB kullum, 7.3TB ke nan a shekara, sai ka haura shekara 80 kafin ka cinye. Ba nan matsalarsa take ba. Matsalarsa ita ce in zai mutu ba ya ƙara, ba ya sallama, kuma ceto bayanai daga cikinsa ya fi na HDD wuya. Sannan cajin lantarki ne yake riƙe da bayanan, in ka jefa shi a akwati shekara da shekaru ba ka jona ba, musamman a ɗaki mai zafi, cajin na iya zurarewa. Ga kuma tsada a kowane TB. Don ajiyar dogon zango HDD bai tsufa ba.

Sai jabu. In ka ga "SSD 16TB" a kuɗin da ko 1TB na kirki ba zai saya ba, ƙaramin filash ne ko katin memori a cikin kwanson, an sa shi ya riƙa yi wa kwamfuta ƙarya. Zai karɓi duk abin da ka zuba, sunayen fayilolin na nan, amma da ya cika sai sabo ya riƙa hawa kan tsoho. Ranar da ka buɗe za ka tarar ba komai. Kar dai ka haɗa wannan da ganin 931GB a faifan 1TB. Wannan ba cuta ba ce, masu ƙerawa da dubu-dubu suke ƙirge, Windows kuwa da 1,024.

Da yawa daga faifan da ke yawo a kasuwanninmu na hannu ne, waɗanda aka ciro daga laftof ko manyan kwamfutocin ofis na waje. Ba aibu ba ne, in ka san shekarunsa. Tun tsakiyar shekarun 1990 faifai ke ɗauke da littafin lafiyarsa da ake kira SMART, kuma manhajar CrystalDiskInfo kyauta ce, tana karanta shi. Sa ta a filash ka tafi da ita kasuwa. Duba awannin aiki: shekara ɗaya awa 8,760 ce, don haka mai awa 30,000 ya haura shekara uku yana juyawa dare da rana, ya shiga shekarun nan da binciken Google ya nuna. Sannan duba layin 05, da C5 da C6, su ne ke ƙirga guraben da suka lalace ko suke shirin lalacewa. In ba sifili ba ne, ko manhajar ta nuna rawaya, ajiye shi komai arharsa. Sai dai ka san ana iya goge wannan littafin. A farkon 2025 kafar Heise ta Jamus ta bankaɗo yadda ake sayar da manyan faifan Seagate na hannu a matsayin sababbi a ƙasashe da dama, an mayar da awanninsu sifili alhali sun yi dubban awanni suna aiki. To in hakan ta faru a Jamus, faifan da takardarsa ke nuna an ƙera shi shekara shida baya amma yana nuna awa 12, ai ka san akwai magana.

Wajen kuɗi, raba farashin da adadin TB ka kwatanta, galibi 2TB ya fi 1TB araha ta wannan lissafin. Amma in abin da za ka zuba ba ya sake samuwa, irin hotunan iyaye, takardun fili, ko aikin digirinka, ni dai gara ka sayi ƙanana biyu ka zuba abu ɗaya a kowanne da ka sayi babba ɗaya. Kashi 36 ɗin nan da ba sa ba da sanarwa ba su da wani magani sai kwafi na biyu.

Ga mai son jona shi da waya kai tsaye ta OTG: ba kowace waya ke iya ba HDD wutar da zai tashi ba. In ka ji yana ƙyas-ƙyas bai bayyana ba, cire shi, kar ka yi ta gwadawa. SSD na waje ya fi dacewa da waya. Ka kuma tsara faifan a exFAT, domin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai 4GB, NTFS kuwa wayoyi da yawa ba sa rubutu a kansa.

Kafin ka bar kantin, nemi a ba ka kwana biyu ko uku na gwaji, a rubuta a rasit. Da ka isa gida, kafin ka zuba komai naka, kunna manhajar H2testw ta cika faifan gaba ɗaya ta sake karantawa. A HDD mai 1TB zai ɗauki kamar awa shida, don haka ka zaɓi lokacin da kake da tabbacin wuta. In ta gama ba kuskure, sake buɗe CrystalDiskInfo ka ga ko layin 05 da C5 suna nan a sifilinsu. In ɗaya ya motsa, mayar da shi tun kwanakin ba su cika ba.